Barka a Gidan Makoki

Ke da kika fara cewa "da gangan tay yi" — e, da ke nake, ba sai na kama suna ba — ke kika ci kunnen yarinyar nan na hagu. Kina zaune a tabarmar makoki, carbi a hannu, goro a kunci, kika jefa kalma huɗu, kika gyara mayafi, kika koma gidanki kika ci tuwo har da ƙari. To ga abin da bakinki ya haifar, a zauna a ji.

Saura kwana uku ɗaurin auren Jamilatu da Anas. Gidan Malam Arzika da ke Ƙofar Dundaye ya cika da dangi, ana ta daka ana ta shewa. Amarya Jamilatu kuwa tana ƙuryar ɗaki, ta kifa ciki a katifa, mahaifiyarta Inna Lantana tana murza mata basilin a baya kamar yadda ta saba yi sau uku kullum, shekara ashirin da ɗaya ke nan.

"Inna, kunnen ga ya taso kuma," in ji Jamilatu, tafin hannunta a kan kunnen hagu. "Kamar ana soka mani allura. Kuma maganar mutane nesa ni ka jin ta, kamar daga cikin rijiya."

"Ke! Rage murya, akwai baƙi tsakar gida!"

"Ina son in hwaɗa ma Anas."

Inna Lantana ta tsayar da hannu cak.

"Ki hwaɗa mai mi? Jamilatu, ki saurare ni da kyau. Mutanen ga fata sunka gani, sunka yi ta ja, da ƙyar sunka haƙura. Yanzu ki ɗora masu kunne? Su ce kurma munka ba su? Wallahi sai su kwashe lehensu! Ki yi shiru. Dut abin da anka ce maki gidan miji, ki ce to. Mace mai to ba ta laihi."

Ta narka man shanu a cokali ta ɗiga mata, ta bi da tsinken auduga ta danna. Jamilatu ta ciji filo, hawaye na bin gefen hancinta.

Bari a gaya muku wace ce Jamilatu, don kada wani ya yi zaton kuturta ce ko wani abin ɗauka. An haife ta a naɗe cikin wata fata mai sheƙi kamar leda. Da ledar ta ɓare sai fatar jikinta ta fito busasshiya, tana yin ɓawo-ɓawo kamar na kifi, tana zuba, wata tana maye. Likitoci sun ce gado ne daga jinin uwa da na uba, ga shi kuwa Malam Arzika da Inna Lantana 'yan wa da ƙane ne. Ba a ɗauka, ba ya kuma warkewa, sai dai a yi ta shafa mai. Ba ta iya zufa yadda kowa ke yi, saboda haka idan zafin Sakkwato ya sauko, sai ta jiƙa zane ta lulluɓa. 'Yan unguwa sun kira ta sunaye iri-iri tun tana firamare. Ba zan ɓata bakina da su ba.

Anas kuwa, mai shagon yadi a kasuwa, bai ga ɓawo ba. Ido ya gani. Ranar da ta zo sayen atamfa, maimakon ya ajiye mata canji a kan tebur yadda wasu ke yi, sai ya sa mata a tafin hannu. Tun daga nan magana ta ƙare. Abin da ya fi burge shi, in yana magana ba ta ɗauke ido daga fuskarsa.

"Ke dai kina son kallona," yakan ce yana dariya. "Ko dai na cika kyau na?"

"Oke, mai kyau, ci gaba da labarinka," sai ta ce.

Bai san leɓɓansa take karantawa ba.

Aka ɗaura aure, aka kai ta babban gidansu a Ƙofar Taramniya, sashensu na jikin na mahaifiyarsa, Hajiya Safiya. To ga inda ƙaddara ta ɗana tarkonta. Hajiya Safiya jinin Fulani ce, Anas kuma ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take ce masa. Matarsa kuwa, ko kallon ta ba ta yi — ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. In Jamilatu ta shigo gaisuwa, Hajiya sai ta kau da fuska wajen bango, ta yi magana can ƙasan maƙoshi. Ita kuma Jamilatu, kamar kowace suruka mai tarbiyya, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, mayafi ya rufe kunnuwa. Wannan ba ta kallo, waccan ba ta kallo. Ta ina za ta ga leɓe?

"To, Hajiya."

Wata bakwai tana rayuwa a kan kalmar nan. An ce ta kaɗa kuka, ta kaɗa kuɓewa. An ce ta kashe famfo, ta kawo buta. Hajiya takan girgiza kai kawai, ta ce yarinta ce. Mutum ɗaya ce ke mayar da abin wasa: Atika, ƙanwar Anas, wadda ta dawo gida goyon cikin fari.

"Matar Yaya, soyayya ta toshe maki kunne!" takan ce, ta fashe da dariya tana riƙe da ciki.

Su biyun suka shaƙu. Atika ce ke shafa mata mai a inda hannu ba ya kaiwa. Jamilatu kuma ta sayi zare fari da shuɗi ta kama saƙa wa jariri hula da safa. Zaren yana kama ɓawon yatsunta yana tsaga su, ta naɗe da tsumma ta ci gaba.

Ranar wata Talata da hantsi aka tafi da Atika asibiti. Kwana uku ke nan kunnuwan Jamilatu duka biyu sun toshe ɗif, na hagu yana bugawa kamar ana daka a ciki. Ta kwanta a ɗakinta da jiƙaƙƙen zane, zazzaɓi ya danne ta. Ba ta ji tsayuwar mota ba. Ba ta ji salatin da aka yi a tsakar gida ba. Ba ta ji fitar maza da ɗan ƙaramin abu naɗe a farin yadi ba.

Bayan azahar ta leƙa ta taga, ta ga mata suna ta shiga sashen Hajiya, takalma sun cika ƙofa. Zuciyarta ta yi fari. Ta wanke fuska, ta ɗauki ledar hula da safa, ta fita tana dafa bango.

Ta shiga kanta a ƙasa, ta ratsa ƙafafun mata, ta durƙusa gaban Hajiya. Hajiya ta kau da fuska, murya a dishe, ta ce:

"Atika ta sauka. Amma yaron bai zo da rai ba. An kai shi."

Kalma biyu kaɗai suka ratsa toshiyar: ta sauka.

Kun san wanda ba ya ji bai san ƙarfin muryarsa ba. Jamilatu ta ɗaga murya har ana ji a zaure:

"Alhamdu lillahi! Barka, Hajiya, barka! Allah shi raya muna shi, shi yi mai albarka!"

Ta zazzage ledar. Hula da safa suka faɗo a gaban Hajiya, fari da shuɗi.

Carbin Hajiya ya suɓuce. Daga ƙuryar ɗaki, bayan labule, Atika ta saki wani irin kuka da ba a son ji sau biyu.

Sannan waccan matar ta buɗe baki.

"Da gangan tay yi! Tana cikin gidan ga anka hita da gawa. Hassada ta! Ta san ita ba ta haihuwar ɗa mai lahiyayyar fata, shi as sa ta ka murna!"

Jamilatu ta ɗago a karo na farko. Ta ga jajayen idanu. Ta ga babu jariri a hannun kowa. Ta bi leɓɓan matar ta tsinci "gangan", ta tsinci "gawa".

"Inna lillahi! Hajiya, wallahi ban ji ba! Ban ji ba!"

"Ba ki ji ba?" Hajiya ta ce, har yanzu fuskarta na bango. "Wata bakwai ina maki magana kina ce mani to. Yau kinka kurmance? Tashi ki ba ni wuri."

Wannan ma ba ta ji ba. Sai da wata ta kama hannun rigarta — ba hannunta ba, rigar — ta ja ta waje.

Da Anas ya dawo daga maƙabarta, ƙurar kabari ba ta bar ƙafarsa ba aka kira shi.

"Ka maida ta gidansu yanzu," in ji Hajiya. "Ran Litinin mai zuwa, jajibirin ranar da da suna za a yi, ina son in ga takardarta. In dai ni nih haihe ka."

"Hajiya, don Allah a bincika. Jamilatu ba ta —"

"Nic ce a bar mai ciwon ga, kac ce ita ka ka so, nib bi ka. An yi mani gori cikin dangi, nish shanye. Yau jikana na cikin ƙasa, matarka na mani barka gaban jama'a! Mi za a bincika?"

Anas ma zuciyarsa ta ɓaci, kada a yi masa ƙarya. Ya tare Keke Napep ya sa ta a ciki, ko kallon ta bai yi ba, ya ce wa mai keken, "Ƙohwar Dundaye."

Kwana biyar bai je ba. Ya zauna karɓar gaisuwa, ya buɗe shago ya rufe, ya ɗauki biro ya ajiye ya fi a ƙirga. Jamilatu ta turo saƙo a waya: "Sori Anas, ka zo in gaya maka wani abu." Ya karanta ya kife wayar. A kwana biyar ɗin nan kunnen Jamilatu ya kumbura har ya turo waje. Inna Lantana ta ɗiga man shanu, ta ɗiga ruwan albasa, ta ɗiga wani maganin da maƙwabciya ta kawo a kwalbar turare. Asibiti? Wa zai fita da ita, gari duk ya ɗauka, ana nuna gidan da baki?

Ran Lahadi da safe Anas ya zo. Ya same ta zaune a bakin katifa, ta rame, ta ɗaure kai da ɗankwali har wuya. Ya zauna a gabanta, fuska a murtuke.

"Mi yas sa kinka yi haka?"

"Ban ji abin da Hajiya tac ce ba."

"Ga shi kuwa kina ji na sarai!"

"Ba ni jin ka, Anas. Bakinka ni ka kallo. Tun ranar da munka haɗu bakinka ni ka kallo."

"Haba, Jamilatu! Har da ni za a yi ma wayo?"

"To juya mani baya. Juya ka yi magana, da ƙarhi in ka so."

Ya dube ta, ya ja tsaki, ya juya ya fuskanci ƙofa. Sannan abin da ke cikinsa kwana biyar ya fito da kansa, da ƙarfi, har Inna Lantana ta ji daga madafa:

"Na kasa rubutawa! Wallahi na kasa! Ina son ki, Jamilatu, ban san yadda zan yi ba!"

Shiru.

Ya juyo. Tana nan yadda ya bar ta, ta ƙura wa bayansa ido.

"Ka yi maganar?" ta ce a hankali. "Anas, in saki na kah hurta, don Allah ka maimaita ina kallon ka. Kada in zauna da aure a bakina alhali babu shi."

Ya durƙushe a gabanta, ya kwance ɗankwalin. Ruwan ɗiwa da jini sun bushe tun daga kunnen hagu har kafaɗa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Tun yaushe?"

Inna Lantana ce ta amsa daga bakin ƙofa, tana kuka da haɓar zane a baki.

"Tun tana ƙarama shi ka tasowa. Ni nih hana ta hwaɗi. Tsoro nij ji, Anas, tsoro! Wa ka ɗaukar mani ɗiya da ciwo biyu? Ni za a tsine ma, ba ita ba."

Bai tsaya amsa ta ba. Ya naɗe matarsa da mayafi suka nufi asibiti.

Likitar kunnen da suka samu, Dokta Martha, ta haska fitila ta leƙa, ta ɗago ta dubi Anas kamar ta mare shi.

"Malam, kai ne mijin? Ina kake har ya kai haka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ga, fatar cikin kunne ita ma fata ce. Yadda ta jikinta ke zuba, haka ta ciki ke zuba, sai dai can ba ta da hanyar fita. Ta taru, ta haɗu da dattin kunne, ta daskare. Ku kuma ku bi da tsinke ku danna, ku bi da mai da albasa. Masu irin wannan fatar da yawa haka suke fama, ciwo da rashin ji, mutane na cewa raini ne. Abin da ake yi, a zo duk bayan wata biyu ko uku mu tausasa mu zuƙe. Shi ke nan fa!"

Ta ɗiga magani a kunnen dama, ta jira, ta sa wani siririn bututu mai zuƙa. Jamilatu ta damƙe hannun Anas. Can sai ga wani dunƙule ya fito, baƙi-baƙi, ya kusa ƙwallon dabino.

Jamilatu ta zabura.

"Mi na wanga ƙara?"

"Fanka ce," in ji likita.

"To wa ka kuka?"

"Mijinki."

Na hagu kuwa labarinsa daban. Ciwon ya ci ciki, ya fasa dodon kunnen, ya taɓa abin da ke bayansa.

"Zan ba ta magani ciwon ya mutu," in ji Dokta Martha. "Ji kam, ban yi alkawari ba. Da kwana biyar da suka wuce kuka zo, da wata magana ce."

Kwana biyar. Anas ya ƙirga kwanakin da ya yi yana kife waya, ya kama kansa da hannu biyu.

Da la'asar ya shiga wajen Hajiya ya ajiye mata takardar asibiti. Ta dube ta da gefen ido.

"Ba wagga takarda nic ce ka kawo ba."

"Hajiya, ba ta ji. Likita ta —"

"Likita na nan sadda anka yi mani barka?"

Sai labule ya motsa. Atika ce ta fito, tana dafa bango, gaban rigarta jiƙe da nonon da babu mai sha. A hannunta akwai hular nan.

"Hajiya, ɗana na yam mutu. In akwai mai hushi, ni ta."

"Koma ki kwanta."

"Ba ni komawa. Dubi nan." Ta juya cikin hular, ta nuna wasu ɗige-ɗige da suka bushe a zaren. "Jininta na. Wata ukku tana saƙa, yatsunta na tsagewa, ina ce mata ta bari tana ƙi. Wagga ta ka murna da mutuwar ɗana? Ni kaina na sha kiran ta daga baya ba ta juyo ba, ina dariya, ina ce mata soyayya. Ban taɓa tambaya ba. Ke hwa, Hajiya? Tun da anka kawo ta gidan ga, kin taɓa duban huskarta kinka yi mata magana? Sau guda?"

"Ke, Atika! Matar ɗan fari ta! Ina ni ina —"

"To ita bakin mutum ta ka kallo ta gane. Kin ba ta bango, ta ba ki to."

Hajiya ta miƙa hannu. Ta karɓi hular ta daɗe tana juya ta. Anas da Atika suka fita suka bar ta.

Litinin da hantsi, ranar da aka yanke don takarda, mutanen Ƙofar Dundaye suka ga abin da ba su zata ba: Hajiya Safiya da kanta tana sallama a gidan Malam Arzika. Inna Lantana ta rasa inda za ta sa kanta, ta shimfiɗa tabarma a karkace. Jamilatu ta fito, auduga a kunnen hagu, ta zube ƙasa, ta sunkuyar da kai. Tun kafin a ce komai bakinta ya riga ta:

"To, Hajiya."

"To ɗin mi? Na yi magana?"

Hajiya ta matso. Hannun da bai taɓa taɓa ta ba ya kama haɓarta, ɓawo da mai da komai, ya ɗago.

"Dube ni. Wane na mai ji?"

"Na dama."

Tsohuwar ta ja jiki ta koma dama. Kunya ta kama ta, amma ba ta kau da kai ba. Ta buɗe baki sosai, kalma bayan kalma:

"Ran Talata na yi maki magana ba ki ji ba. Yanzu zan sake. Atika ta sauka. Yaron bai zo da rai ba. An kai shi."

Jamilatu ta fashe da kuka.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah shi ba ku haƙuri, Hajiya. Allah shi sa mai ceto na. Allah shi mayar ma Atika da mai albarka."

"Amin," in ji Hajiya, hawaye na sauka a kuncinta. "Amin, ɗiyata. Na karɓi gaisuwarki. Ki yahe mani tawa kunyar." Ta share ido da mayafi, ta gyara murya. "Tashi ki haɗa kayanki. Wancan na ƙohwar gida tun ɗazu, ya hana mai keke tahiya."

Jamilatu ta koma ɗakinta. Duk bayan wata biyu Anas yana rufe shago ya kai ta a zuƙe kunne, kuma duk gidan sun koyi zagayowa dama kafin su yi magana. Haƙurinta ya biya ta da miji da uwa. Amma na hagu bai dawo ba. Har yau in ta kwanta a kan na dama, duniya ɗauke mata take yi gaba ɗaya, kuma shekararta ashirin da biyu kacal.

Darasin ba ɓoyayye ba ne. Ciwon da aka ɓoye don a tsare aure, shi ne ke zuwa ya girgiza auren. Kunya ado ce, amma kunyar da ta hana ka duban fuskar wanda ke ƙarƙashin rufinka wata bakwai ta tashi daga ado. Kuma tambaya ba ta cin minti ɗaya: "Lafiya? Kin ji abin da na ce?"

Kai mai karatu, na ga kana girgiza kai kana tsine wa matan ɗakin nan. Dakata. Sau nawa ka gai da mutum bai amsa ba, ka tafi kana cewa girman kai ne, har ka kai labarinsa gaba? Ka koma ka tambaye shi? Da kana zaune a tabarmar nan ranar Talata, hula ta faɗo a gabanka, da kai ma ka gyaɗa kai tare da su. Ce ƙarya nake yi, in ka isa.